Rubutun da Ya Ƙi Fitowa a Sama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a gaban allon ajinmu, alli a hannuna, na nuna wa babban baƙo wurin da babu komai na ce ya duba can ba. Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa, amma 'yan ajinmu kamar rantsuwa suka yi ba za su bar ni ba.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce. Ni irin yarinyar nan ce da in baƙo ya yi sallama a gidanmu a unguwar Makama, cikin Yola, kafin a amsa masa na riga na ɓace bayan randa. A makarantarmu ta 'yan mata da ke Jimeta, wajen Dubeli, akwai malamin da ya koyar da mu zango guda yana zaton bebiya ce ni, har yana yi mini magana da hannu. Abu ɗaya kawai nake taƙama da shi, shi ne rubutu. Hannuna yana da kyau, wannan ko maƙiyina ya sani. Baƙaƙena a tsaye suke, kansu ɗaya, kamar 'yan fareti.

Madam Rifkatu, uwar ajinmu kuma malamarmu ta labarin ƙasa, ita ta fara lura da haka. Wata rana ta ɗaga littafina ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Kai, Shiru-shiru," (haka take kirana, kuma a wurinta kowa "kai" ne, mace ko namiji, har akuyar maigadi) "tunda bakinka ba ya aiki, hannunka zai yi aiki. Daga yau kai ne mai rubuta mini darasi a allo. Ni kuma ba zan sa ka karanta labarai a asambuli ba. Mun shirya?"

Na gyaɗa kai har ɗankwalina ya kusa faɗuwa. A makarantarmu duk ranar Litinin sai yarinya ɗaya ta hau dakalin ofishin firinsifal, ta riƙe lasifika, ta karanta wa makaranta gaba ɗaya labaran mako. Layi-layi ake bi, aji bayan aji. Wasu har roƙo suke a sa su. Ni kuwa ko kusa da dakalin nan ba na bi. Saboda haka allin nan da nake riƙewa ba alli ba ne a wurina, garkuwa ce. Muddin ina rubutu a allo, bayana na wajen mutane, babu mai jin muryata.

Haka muke zaune lafiya har Bappa Hamidu ya dawo daga kos a Legas.

Bappa ƙanen babana ne, a sakateriya yake aiki, kuma a gida ɗaya muke. Da ya dawo, tsarabar da ta fi ɗaukar ido ba ta kowa ba ce, tasa ce: wata 'yar na'ura mai launin toka, girmanta bai wuce tafin hannu ba, da gilashi mai kore-kore a fuska. Ya ce sunanta oganaiza, tana riƙe lambobin waya da adireshi da ranakun taro, wai ta fi dayari goma. A gefenta akwai wani ɗan rami da ake zaro siririn tsinke na roba. Da tsinken ake rubutu a wani ɗan fili da ke ƙasan gilashin, sai baƙaƙen su riƙa fitowa a sama, tsaf kamar na tafireta.

Goggo Dudu, yayarsu babana, ta leƙa ta ce, "Ɗum ɗume? Mene ne wannan kuma? Allon Nasara da tsinken sakace?"

Matsalar ita ce na'urar ba ta yarda da rubutun Bappa ba. Shi mutum ne mai rubutun haɗe-haɗe, wanda wutsiyar wannan baƙi ke kama kan wancan. In ya rubuta sunansa, sai ta fito masa da wasu lambobi da ɗigo-ɗigo. Ya ce lallai na'urar ba ta sami tarbiyya ba. A cikin murfinta kuwa akwai 'yar takarda manne, mai nuna yadda take son a zana kowane baƙi, da ɗigo a inda za a fara. Bappa ya san da ita sarai, haƙurin koyo ne ba shi da shi. Ni da nake kai masa shayi da yamma, sai in tsaya a bayansa da faranti a hannu, idona na kan takardar nan. Mai kunya ba ta da abin yi sai kallo, kuma kallo na iya.

Wata la'asar ya bar ta a kan tabarma ya tafi alwala. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na zaro tsinken na rubuta sunansa yadda takardar ta ce. Ya fito daidai. Ina cikin murna na ji inuwa a kaina. Na daskare ina jiran rankwashi, sai na ji ya ce, "A'a! Sake mu gani." Na sake. Ya yi dariya ya ce, "Shi ke nan, na yi akawu. Ni in faɗa, ke ki rubuta." Tun daga ranar ya daina kiran sunana, sai Akawu.

Ga duk wanda irin wannan na'ura ta faɗo hannunsa, ga abin da na koya. Kowane baƙi da zane ɗaya ake yin sa, ba a ɗaga tsinke sai an gama. Harafin A ba shi da sandar tsakiya, jinkar ɗaki ce kawai. T kamar bakwai yake. K kamar ɗan kifi ne mai wutsiya biyu. In kana son tazara tsakanin kalma da kalma, sai ka ja layi daga hagu zuwa dama; in ka yi kuskure ka ja daga dama zuwa hagu, ya goge. Aya kuwa, sai ka ƙwanƙwasa sau biyu. Baƙaƙe a ɓangaren hagu na filin, lambobi a dama. Kada ka danna da ƙarfi, ba dawa kake sussuka ba, kuma kada ka kuskura ka sa bakin biro in tsinken ya ɓace (Bappa ya taɓa yi, har yau tabon na nan). Amma babban sirrin shi ne wannan: hannunka ba ya tafiya. A wuri ɗaya kake zana kowane baƙi, wani a kan wani, a cikin ɗan filin nan da bai fi akwatin ashana ba. Kuma ba ka kallon hannunka. Da zarar ka fara kallonsa za ka rikice. Ka bar shi ya yi aikinsa, rubutun zai fito a sama da kansa.

Da abin ya tsaya a 'yan sunaye da yamma, da babu abin da zai same ni. Goggo ce ta jawo.

Ana gab da dogon hutu, na'urar ta fara nuna batirinta ya yi sanyi. Bappa ya ambata a tsakar gida, ya ce in ya fito daga masallacin Juma'a zai sayo sabo, ya bar ta a ɗaki. Goggo kuwa mace ce mai tausayi, ba ta son ɓarna. Ta buɗe bayan na'urar ta ciro 'yan batiran guda biyu, ta ɗan ciccije su, ta shanya su a kan kwanon banɗaki kusa da kuɓewar da take busarwa, yadda take yi wa na rediyonta tun kafin a haife ni. Abin da ba ta sani ba shi ne, wannan na'ura ba rediyo ba ce. In za a canja mata batir, sai a yi maza-maza, a cire a mayar kafin ta farga. In ta daɗe babu batir, duk abin da ke cikinta sai ya tashi.

Bappa ya dawo ya sa sabon batir, na'urar ta buɗe ido fes kamar jaririya, ba ta san kowa ba.

Ya ce wa Goggo, "Adda, me kika yi mini?"

"Taimakonka na yi. Sun sha rana sosai, taɓa ka ji."

"Lambobin mutane! Adireshi! Taron da zan je Ganye, duk sun tafi!"

"Sun tafi ina? Ni ban ga kowa ya fita ba, ina zaune a nan tun safe."

Akwai wata waya da aka haɗo da na'urar, wadda ake jona ta da kwamfuta don a adana komai saboda irin wannan rana. Tana nan cikin ledarta a saman kwaba, ko ƙullin ba a kwance ba. Bappa ya dube ta, ya dubi Goggo, sannan ya juyo ya dube ni. "Akawu," ya ce, "an yi hutu, ko?"

Haka hutuna ya ƙare. Ya kawo mini tsoffin dayarinsa da gwangwanin biskit cike da katunan mutane, na zauna a gindin mangwaron gidanmu ina zuba su ɗaya bayan ɗaya. Sa'o'ina suna zuwa bakin kogi da gidajen biki, ni ina zana jinkar ɗaki da ɗan kifi. Gaskiya kuma na ji daɗin aikin, don babu mai sa ni magana. Na ƙware har ina iya rubutu ina kallon kaji, ko ina sauraron Goggo tana ba da labarin mutanen da suka mutu kafin a gina gadar Binuwai. Hannuna ya daina neman izinina.

Da aka koma makaranta na ga alamu, amma na raina su. Godiya, wadda muke benci ɗaya da ita, 'yar mai shagon kayan miya ce a Dubeli kuma bakinta ya fi barkonon shagonsu zafi, ta leƙa littafina ta ce, "Shiru-shiru, wetin? Me ya faru? Wa ya sace sandunan A ɗinki? Ko itacen girki ya ƙare a gidanku?" Na duba, ai kuwa duk jinka ce babu sanda. Na bi na saka musu. Na lura in na natsu ina kallon abin da nake yi, hannuna na dawowa hanya. Sai na ce ai shi ke nan.

A makon nan ne aka ce sufeto zai zo daga ma'aikatar ilimi ya ga yadda ake koyarwa. Madam Rifkatu ta shirya mu kamar masu zuwa yaƙi. Ta zaɓi darasin koguna, don ita 'yar Numan ce, in tana maganar inda Gongola ya haɗu da Binuwai sai ka ce gadon babanta ne. Ta raba wa masu baki tambayoyin da za su amsa. Ni kuma ta ce, "Kai, zan faɗi jimla, ka rubuta a allo da wannan hannun naka mai kyau. Kada ka ba ni kunya, ka ji?"

Ranar ta zo. Mun share aji, mun goge allo da ɗanyen ganye har ya yi baƙi wuluk. Firinsifal ta shigo da baƙon, muka miƙe muka gaishe shi da murya ɗaya. Na ɗaga ido kaɗan don in ga takalminsa (daga takalmi nake fara sanin mutane). Na san takalmin nan. Sau da yawa na sha kawar da shi daga rana a ƙofar zaurenmu. Baba Bobboi ne, aminin babana, mutumin da tun da nake ban taɓa ganin fuskarsa gaba ɗaya ba, don a gidanmu yarinya ba ta ɗaga kai a gaban irinsu. Ya zauna a kujerar da aka ajiye masa daf da allo, ya gyara babbar riga, ya buɗe fayil.

Madam ta yi bayani, masu baki suka amsa tambayoyinsu, komai na tafiya sumul. Sai ta ce, "Yanzu ɗalibarmu mai rubutu zai rubuta mana abin da muka koya."

Na fito kamar wadda za a yi wa allura. Na ɗauki alli, na fuskanci allo, Baba Bobboi yana gefena, har ina jin ƙamshin turarensa. Kaina ya sunkuya da kansa, idona ya sauka a kan 'yan yatsun ƙafata. Madam ta fara faɗin jimlar da Turanci, a hankali, cewa kogin Gongola yana haɗuwa da kogin Binuwai a garin Numan. Hannuna ya kama aiki. Wallahi har daɗi na ji, don ban taɓa rubutu da sauri haka ba. Ina jin allin yana ƙyas-ƙyas-ƙyas, in kalma ta ƙare in ja layi, in ci gaba. Da ta kai ƙarshe na ƙwanƙwasa allo sau biyu, ƙwas ƙwas, na sauke hannu.

Babu wanda ya tafa, sai muryar mai rake yana talla a bakin titi.

Na ɗaga kai. A tsakiyar wannan ƙaton allo mai sheƙi babu komai sai wani farin dunƙule, girman ƙosai, inda na jibge jimlar gaba ɗaya, baƙi a kan baƙi, da layuka sun tsattsaga shi ta tsakiya. A gefensa ɗigo biyu. Garin alli ya taru a ƙasa kamar an yi tankaɗe.

Baba Bobboi ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "Malama, wannan fa?"

Allah ya saka wa Madam Rifkatu da alheri, mace ce mai saurin tunani. Ko ƙiftawa ba ta yi ba ta ce, "Yallaɓai, taswira ne. Wurin da kogi biyu ya haɗu ne ya zana. Ka ga ruwa yana juyawa a tsakiya."

"To, to," in ji shi. "Madalla. Ɗigo biyun nan kuma fa?"

"Kwalekwale ne, Yallaɓai."

Da a nan aka tsaya, da mun tsira mu duka. Amma sai ya juyo gare ni da fara'a, ya ce, "Ɓingel am, 'yata, yi mana bayanin taswirar taki. Wanne ne Gongola?"

Duk wata mai hankali da sai ta nuna layi ɗaya ta ce ga shi. Madam tana ta yi mini ido har kamar zai faɗo. Amma ni an raine ni a kan cewa ba a yi wa aminin uba ƙarya. Muryata ta fito siririya kamar ta ɗan tsako: "Baba, ba taswira ba ce. Rubutu ne."

"Rubutu?"

"I, Baba."

"To karanta mana."

Na dubi ƙosan nan na karanta jimlar tun daga farko har aya, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Na ji wani sauti daga bencinmu, Godiya ce ta cusa hijabin maƙwabciyarta a baki.

Baba Bobboi ya taso ya matso da fuskarsa daf da allon, ya duba ta hagu, ya duba ta dama. Cikin tausayi ya ce, "Duk wannan maganar tana cikin nan? To ina baƙaƙen suke, 'yata?"

A nan ne ƙwaƙwalwata ta tafi hutu ta bar ni. Na ɗaga hannu na nuna can saman allo, inda babu komai sai baƙin fenti, na ce, "Yana fitowa a sama."

Kuma abin da ya fi ci mini rai, kowa ya duba. Baba Bobboi ya ɗaga kai har hularsa ta zame. Firinsifal ta duba. Madam ma, da ta san babu komai, sai da ta duba. Aji guda na 'yan mata suka zuba wa saman allo ido suna jira. Wani ƙadangare ne kawai a kan katakon allon, shi ma ya gyaɗa kai ya wuce.

Sai Godiya ta ce, a hankali amma kowa ya ji, "Ƙila an ɗauke wuta ne."

Ajin ya fashe. Wasu suka kwanta a kan benci, wata ta faɗo ƙasa. Firinsifal tana cewa a yi shiru, kafaɗunta na rawa. Baba Bobboi ya koma kujera ya rufe fuska da fayil, rigarsa gaba ɗaya tana girgiza. Ni kuwa ina tsaye da guntun alli, ina roƙon Allah ya sa siminti ya tsage.

Bayan baƙi sun tafi Madam ta kira ni ofis. Na yi mata bayanin oganaiza da tsinke da batirin da ya sha rana, kaina a ƙasa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ni na ba ka kwalekwale ka haye, ka ce kai sai ka nutse, ka ja ni tare. To ba komai. Yau na ji muryarka, ashe yana aiki. Hannun ne ya lalace. Ajiye allin." Ta miƙo mini takarda. "Litinin kai ne a dakali. Da Litinin na bayansa. Har zango ya ƙare."

Kafin motar da na shiga daga Jimeta ta sauke ni a Yola, labari ya riga ni isa, don Baba Bobboi sahu ɗaya suke sallar la'asar da Bappa. Ina shiga gida Bappa ya tare ni yana share hawaye: "Akawu! An ce kin mayar da allon gwamnati oganaiza? Ai laifinsu ne da ba su sa masa batir ba!" Goggo ba ta yi dariya ba. Ta ce tun ranar farko ta san akwai wani abu a cikin allon Nasaran nan, ta jiƙa mini rubutu na gaske ta tsaya a kaina sai da na shanye.

Ranar Litinin na hau dakalin. Lasifikar ta yi wani kuka kafin in buɗe baki. Na karanta labarin tsabtace makaranta da na wasan ƙwallon raga, ban san me na faɗa ba. Ban mutu ba dai, abin da ya ba ni mamaki ƙwarai. Da na sauko, wata 'yar aji ɗaya ta tambayi ƙawarta wace ce wannan, aka ce mata, "Ba ki san ta ba? Ai ita ce Yana-fitowa-a-sama." Yanzu ina ajin ƙarshe, kuma har masu sayar da awara a bakin get da sunan suke kirana.

Abin da na koya bai da yawa. Kunya abu ne mai kyau, ban ce a daina ba. Amma in za ki sunkuyar da kai a gaban manya, ki fara tabbatar da hannunki ba ya wani aiki a sama. In kuma kin riga kin yi ɓarnar, wata baiwar Allah ta ce taswira ce, to 'yar'uwa, ki nemi Gongola ki nuna.